Gidan ƙauye, bashin banki da gonar gado

Wani sabon yayi ya shigo wa ma'aikatanmu: kowa so yake banki ya ba shi rancen gina gida a ƙauyensu, a riƙa cira daga albashi. Malaman firamare daga Roni da Gwiwa sukan same ni a Kazaure da fom a hannu, wai Baba a duba mana. Ni kuwa tambayata ɗaya ce: me za ku ajiye wa bankin?

Banki ba ruwansa da kyan gini. Abin da yake so ya sani shi ne, in ka kasa biya, wa zai sayi gidan? Gidan da ba turken wutar KEDCO a kusa, ba famfo, hanyarsa kuma damina na yankewa, mai ƙiyasta kadara zai yi masa kuɗin da bai kai na simintin da aka zuba ba. Ga kuma batun takarda. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, kuma jinginar da fili mai shaidar mallaka sai da amincewarsa. Mu kuwa filayenmu na gado ne, shaidarmu dagaci da dattawan unguwa da kukar da ke kan iyaka.

Abin yana ƙona min rai. Tun 1992 ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, aka ce za a ba da rance da ruwa kashi 6, a biya har shekara 30. An yanki malamin ƙauye kamar yadda aka yanki na Abuja, amma sharuɗɗan na birni ne. Ko bankin Musulunci irin Jaiz, wanda ba ya karɓar kuɗin ruwa, shi ma sai ya ga takarda. Wannan ba adalci ba ne. Duk da haka, wani lokaci hanin da banki ke yi rahama ce, da a ce yaran za su haƙura. Ba sa haƙura. Kan gona suke juyawa.

Na san wani abokin aiki a wajen Roni da ya jinginar da gonar mahaifinsu ga wani ɗan kasuwa. Ya tayar da bulo, ya rufa kwano, ya sa tayil, har wayar wuta ya binne a bango yana jiran ranar da za a kawo NEPA. Sai daga baya ya kira masu burtsatse, suka ci karo da dutse, don kun san ƙasar wajen, ba rairayin Babura ba ce. Kuɗi suka ƙare, ruwa bai fito ba. Ya koma sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, yana awon gero a kasuwa, mai jingina yana nome gonarsu. Har ya rasu bai fanshe ta ba, kuma 'yan'uwan da ke da gado a ciki ba su daina zancen ba.

Iyayenmu rijiya suke fara haƙawa, sannan a kira gayya a buga tubali, a yi ɗaki ɗaya, baɗi a ƙara wani. Ba cewa nake a koma ginin ƙasa ba. Wanda ya ga yadda ruwan 2022 ya zubar da gidaje a Jigawa ba zai ce haka ba. A yi bulo. Amma a fara da ruwa, a sa sola daidai ƙarfi, a yi adashi, a je ƙaramar hukuma a nemi takardar fili tun dattawan da suka san iyaka suna raye. In banki ya ba ku, ku lissafa da kyau ku karɓa. In ya hana, ku yi ɗaki biyu ku shiga. Gona dai kada a taɓa ta.