Resho Ya Ƙi Zafi: Laifin Wa?

A bazarar 1994, ƴan watanni bayan an karya darajar kuɗin sefa da rabi, wani ma'aikacin gwamnati a Damagaram ya shiga wata damuwa wadda ta fi ƙarfin aljihunsa. Reshon kuran mai kai biyu da ya saya wa uwargidansa ya daina zafi. Bai mutu ba, bai kuma yi aiki ba. Ruwan shayi sai ya yi rabin awa yana ɗumi kawai, shinkafar dare kuwa ba ta nuna sai bayan lisha. Sayen sabo ba ya cikin lissafi, domin kayan waje sun yi tsada, albashi kuma ba ya zuwa kan kari.

Da yake ɗan Adam ba ya son ɓarna marar mai ita, sai maigida ya ɗora laifin bisa ɗiyar ƙanwarsa, wadda aka kawo daga ƙauye don ta yi lakol. Ya ce ita ta kwarara wa reshon ruwa wajen wanke-wanke, saboda haka ƙarshen wata za ta koma gida. Uwargida ta ce: "Malam, a kira mai gyara tukuna. Hukunci ba ya gudu."

Mai gyaran dattijo ne, ba mai gaggawa ba. Bai fara da reshon ba, da tukunya ya fara. Ya ce tukunyar da maƙeran kasuwa ke zubawa gindinta a dunƙule yake, don murhu aka yi ta, alhali farantin resho a shimfiɗe yake, kuma zafi ba ya shiga sosai sai inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Amma tukunyar uwargida mai shimfiɗaɗɗen gindi ce, ya wanke ta daga zargi.

Daga nan ya auna ƙarfin kuran. Volt 220 ake bukata. Lokacin zafi, idan kowa ya kunna fanka da firji da maraice, ƙarfin yakan sauka, kuma in ya faɗo zuwa 180, resho yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na zafinsa. Sai dai a ranar kuran ya shigo gidan da ƙarfinsa.

Ya kashe wutar gidan baki ɗaya, yana mai cewa kada wanda ya taɓa cikin resho kafin haka. Ya buɗe ƙarƙashin farantin, inda ake da zaren ƙarfe biyu ko uku masu yin zafi. In ɗaya ya tsinke, farantin zai yi ɗumi kawai. Dukansu lafiya lau suke. Ba tsatsa, ba alamar ruwa.

Sauran wuri guda: ramin bango inda ake soka wayar reshon. Da ya kwance murfin, sai ƙauri ya tashi. Roba ta narke, ta yi baƙi ƙirin, ƙusar da ke riƙe waya ta yi sako-sako, wayar kuma siririya ce irin ta ƙwan fitila. Dattijon ya bayyana cewa faranti mai wat 1500 yana jan kusan amfa 7, in an haɗa da na biyu mai wat 1000 sun wuce 11. Zafin da ya kamata ya shiga tukunya, a cikin bango yake tsayawa. Ya ce: "Maigida, Allah ya kiyaye ku gobara. Wa ya ja wannan waya?"

Gidan ya yi tsit. Maigida da kansa ya ja ta wata ranar Lahadi, don gudun biyan ladan mai gyara.

Aka sa waya mai lamba 2,5, aka ɗaure ƙusoshi tamau. Kafin dattijon ya tattara kayansa, ruwa ya tafasa.

Gyaran da ya fi wuya shi ne wanda ya rage. Da dare maigida ya kira yarinyar a gaban uwargida, ya ce: "Ɗiyata, ki yafe mini." Ta sunkuyar da kai, ta ce: "Ba komai, Kawu." Washegari ta ɗauki jakarta ta tafi lakol. Tun daga ranar, ko a gida ko a buro, in abu ya ɓaci, ba ya tambayar wa ya yi sai ya gano ina ne ya ɓaci.