Wasiƙa Daga Alƙahira: Na Shiga Koyon Aikin Kunne

 

Masu tambayar dalilin shiruna, na shiga koyon haɗa labari da sauti zalla ne, irin na rediyo. Kayan aikina wayata, da abin sawa a kunne, da manhajar Audacity wadda kyauta ce.

Darasin farko shi ne kame baki. Ka yi tambaya, ka bar mai magana ya kai aya, ko "na'am" ba ka cewa don kada muryarka ta hau tasa. Makirufo kuma kamar taƙi ɗaya daga bakinsa. Daga baya hirar awa guda sai ka tsince ta ta koma minti 5.

Alƙahira kuwa ba ta san shiru ba. Mai iskar gas yana ƙwanƙwasa tukunya da sifana, mai sayen tsofaffin kaya yana ihun "bikiya", ga hon ɗin motoci. Malaminmu ya ce mu riƙa ɗaukar wannan hayaniyar daban, domin da ita mai sauraro zai gane inda yake.

Misirawa sun daɗe a harkar. Tun 1934 aka buɗe rediyon gwamnatinsu, kuma dattawansu ba su manta Abla Fadila ba, mai yi wa yara tatsuniya a rediyo. Da na saurari tsofaffin shirye-shiryenta sai Kaka ta faɗo mini a rai. Yadda take shaƙe murya in Gizo zai yi magana, da ɗan shirun da take yi kafin kura ta bayyana, su ne abin da ake koya mana a aji. Ga shekaru sun ja, kuma ba mu da muryarta ko ta minti ɗaya.

Don Allah Yaya, kada a jira dawowata. Bayan lisha a zauna da ita a ɗakinta, a kashe fanka, a tara mata jikoki, a ajiye waya kusa da ita. Ko ta yi tari ko dariya a bar shi yana ɗauka. Ku turo mini, sauran aikin nawa ne.

A gaida Baba da Inna da duk mutanen gida. Sai na ji daga gare ku.