Wane alkol ne a cikin kwalbar?

A Zongon Kwatano kowa da abin da yake kira alkol. Mai aski yana fesa shi a ƙeya, mai haɗa turare yana tsinka mai da shi, uwa kuma ta ajiye kwalba saboda rauni. Tun zuwan korona a 2020 nake jin gardama a ƙofar masallaci kan ko najasa ne, ko ana salla da shi a hannu. Wannan na bar wa malamai. Abin da ya fi damuna shi ne ba kasafai nake jin an tambayi wane iri ne a kwalbar ba.

Uku ne suka fi shiga gidajenmu. Itanol shi ne na cikin sodabi, giyar da ake tacewa daga bammi, shi ne kuma na yawancin turare. Aisofurofanol na goge fata ne kafin allura. Na ukun, mitanol, ya fi su ƙanƙanta: ƙwayar kabon ɗaya gare shi, itanol biyu. Ido ba ya bambance su, hanci ma da ƙyar.

Amma hanta tana bambancewa. In mitanol ya shiga jiki sai ta mai da shi fomaldihaid, daga nan ya koma asid ɗin da ke cin jijiyar ido. Mililita 10, cokalin shayi biyu ke nan, na iya makantar da mutum. Mugun halinsa shi ne jinkiri, mutum ya sha ya kwana lafiya, sai washegari gani ya fara dishi-dishi. A Ode-Irele ta jihar Ondo, a Afrilun 2015, mutum akalla 18 suka mutu bayan shan ogogoro mai mitanol.

Wani zai ce ai mu ba ma sha. Haka ne. Sai dai na ƙonawa da ake sayarwa da arha akan gauraya shi da mitanol, mu kuma mukan juye shi a robar ruwan sha, ba rubutu, inda hannun yaro ke kaiwa. Kuma yana ratsa fata, don haka shafa wa yaro mai zazzaɓi ganganci ne.

In an sha, a garzaya asibiti tun ba a ga alama ba, a tafi da kwalbar. Ɗaya daga cikin magungunan da likita ke bayarwa itanol ne, don hanta ta shagala da shi har mitanol ɗin ya fita.