Kunne Ɗaya Nawa, Ɗaya Na Gida

Wannan makon ku yi mini afuwa, babu ci gaban labari, hira ce kawai zan yi da ku a kan wani ɗan abu da ke cikin jakata shekara da shekaru, wato hedifon ɗina mai ninkewa.

Ba don gayu na saye shi ba. Tun da littattafanmu suka bar teburan kasuwa suka koma cikin waya, da yawa daga cikinku sauraro kuke yi ba karatu ba. Akwai wani yaro da ke karanta littattafaina yana naɗa, sai ya turo mini in ji kafin ya sake su. To ni da nake rubuta soyayya, yaya zan kunna muryar namiji yana cewa "ke ce hasken idona" a tsakar gida, ga 'ya'ya ga uwar miji? Shi ya sa a farkon 2021 da na shiga Funtuwa na tsaya wurin wani mai kayan waya, ya miƙo mini wani baƙi na roba mai igiya, ya ninke shi ya koma kamar tafin hannu. Naira 3,500 na biya, ya rantse mini na Turai ne, na yi dariya kawai.

Maganar gaskiya, in waƙa ce ba ya da daɗi. Da an buga kalangu sai ka ji kamar ana dukan garwa a cikin rijiya, in ka ƙara sauti kuma ya kama ƙara kamar ana suyar ƙosai. Amma muryar mutum tana fita tar, har numfashin mai karatu nake ji. A cikinsa na gano abin da idona ya kasa gani a takarda: jarumaina duk bakinsu ɗaya, da Hajiya da 'yar aikinta magana iri ɗaya suke yi, irin tawa. Babi uku na yaga saboda haka.

Sanya shi kuwa sai da dabara. Sai na cire 'yan kunne, in ba haka ba cikin rabin awa kunnen ya yi ja kamar an murɗe shi. Ba ya zama a kan ɗaurin ɗankwali, sai dai a kan hula. A watan Afrilu gumi yake tarawa, fatar soson ta dinga ɓarewa tana manne mini a kumatu, yara suna dariya. Wurin ninkewar nan da aka yi mini talla da shi, shi ya fara karyewa, yanzu salatef ke riƙe da shi.

Ranarsa ta zo a watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari inda nake aure, da Ƙanƙara mahaifata, da Sabuwa inda ƙanwata take. Aka hana masu cajin waya na kuɗi, aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Wata uku ba na jin muryar Innata sai saƙon baki. Masu na Bluetooth suka ajiye nasu, don wayar ma da ƙyar ake samun abin cika ta da sola, nawa mai igiya kuwa ba ya neman caji. Da shi da memori na yi zaman nan.

A cikin wannan zaman ne wani dare na rufe kunnuwa biyu ina sauraro, ban san me ake ciki ba sai da Ummi ta fizge shi daga kaina tana kuka. Ashe an yi harbi can bayan gari, maƙwabta har sun fito da yara. Allah ya tsare, ba su shigo ba. Amma ni 'yar Ƙanƙara ce, ban manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta garinmu. Da gari ya waye maigidan bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Maman Ummi, ki riƙe kunne ɗaya, ki bar mana ɗaya."

Tun daga ranar a karkace nake sa shi, na dama a kunne, na hagu a bayan kunne.

Bara wani ɗan yayata ya kawo mini tsaraba daga Kaduna, babban hedifon mai laushi, irin wanda ke kashe duk ƙarar waje. Na sa, wallahi ban taɓa jin littafina da daɗi haka ba. Sai na ga bakin Ummi yana motsi a gabana ba na jin komai, gabana ya faɗi, na cire. Na aika wa ƙanwata Sabuwa, bayan mako biyu ya dawo a hannun direba, wai in kai wa mutanen Kano.