Abin da ke cikin matacciyar kwamfuta

Mu 'yan aji biyu muna da roƙo, amma bari mu fara faɗin dalilinmu.

A cikin tsohuwar kwamfuta akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ake ajiye bayanai. Wani mai gyara a kasuwar Jega ya ba mu wanda ya lalace, muka kwance shi a darasin Fasaha. Mun ga faifai mai ƙyalli kamar madubi, da wani siririn hannu mai ɗan kai a bakinsa. Malam ya ce faifan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma kan ba ya taɓa shi. Shawagi yake yi a kan iska, tazarar da ke tsakaninsu kuwa silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. Ba mu yarda ba da farko, don mu a idonmu a manne suke.

Aikin kan shi ne jin maganaɗisu. An yi shi da sirran ɓawon ƙarafa a jere, idan ɗigon maganaɗisu ya wuce ta ƙarƙashinsa sai wutar da ke bi ta cikinsa ta ƙaru ko ta ragu. Da haka yake karatu. Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus ne suka gano wannan a 1988, kamfanin IBM ya sa shi a faifansa a 1997, aka ba su kyautar Nobel a 2007.

Inda abin ya fi burge mu shi ne, abin da ke jin ɗan ƙanƙanin maganaɗisu zai iya faɗin inda abu yake daidai. A sa zobe mai maganaɗisu a jikin taya, arewa da kudu, arewa da kudu, a ajiye na'urar kusa da shi. Tana ƙirga su suna wucewa, sai ta san nawa tayar ta juya, har ta gane idan ta daina juyawa tana jan ƙasa. Motoci da yawa na zamani da irin wannan suke hana birki kafewa. Duk wanda ya bi hanyar Maiyama da damina ya san amfaninsa. Ƙura da maiko ba sa rufe mata ido, tunda ba da haske take gani ba.

To ga roƙon. A ɗakin ajiyarmu akwai matattun kwamfutoci, mun kuma ji za a sayar wa 'yan gwangwan. Su awon kilo za su yi. Muna roƙon shugaban makaranta a cire akwatunan nan a bar wa kowane aji ɗaya. Jami'ar kimiyya da fasaha tana nan Aliero, bayan gonakin albasa, wasunmu can muke so mu je, kuma ba ma so mu isa ba mu taɓa kwance komai ba.

Wanda zai buɗe ya kula da maganaɗisun da ke gindin hannun, yana matse yatsa.