Daga Dundee Zuwa Kenmore: Shiga Kogin Tay a Ganiyar Sanyi

Kogin Tay shi ne mafi tsawo a Sikotlan. Daga tsaunin Ben Lui inda yake ɓuɓɓugowa zuwa teku kusan kilomita 190 ne, kuma duk faɗin Birtaniya babu kogin da ya kai shi yawan ruwa. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ake buɗe kamun kifin salmon a cikinsa, daidai lokacin da sanyi yake kan ganiyarsa, ba a rufewa sai 15 ga Oktoba. Kawuna ya daɗe da zama a Dundee, birnin da ke bakin kogin ta wajen teku, kuma buɗin kamun kifin nan ba ya wuce shi. Da ya ga ina yawan tambaya, sai ya ce, "Ɗana, bana da kai za a yi. Amma sai mun fara biyawa ta Perth mun sama maka wandon shiga ruwa, don ba a fafe gora ranar tafiya."

Muka kama hanya da sassafe, kogin na hagunmu, faɗinsa kamar ba za a ga ɗaya gaɓar ba. Raɓa ta daskare a kan gonaki ta yi fari fat. A wannan watan rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas da rabi, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna kuma ta faɗi, saboda haka duk mai abin yi a waje da sauri yake yin sa.

Kantin da muka shiga a Perth, bango guda cike yake da wandunan ruwa a rataye, wasu iya cinya, wasu iya ƙugu, wasu har ƙirji da igiyoyin ratayawa a kafaɗa. Mai kantin, wata dattijuwa, tambaya uku ta yi mini kafin ta taɓa komai: wane kogi, wane wata, kuma tsayawa zan yi wuri ɗaya ko yawo zan yi a gaɓa. Da ta ji Tay a Janairu, ko kallon gajerun ba ta yi ba. Ta sauko da masu kaiwa ƙirji iri biyu ta shimfiɗa a kan tebur.

Na farko na niyofirin ne, robar nan mai laushi da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1930. Kaurinsa ya kai milimita 5, kuma jikin robar cike yake da ƙananan kumfa, su ne ke tare sanyi. Ga mai tsayawa a ruwa ba motsi, yana da ɗumi ƙwarai. Illarsa nauyi, sannan gumi ba ya fita. Mutum ya yi tafiyar rabin sa'a a gaɓa ya jiƙe sharkaf daga ciki, da ya tsaya sai gumin ya huce a jikinsa, sanyin da yake gudu ya same shi ta cikin gida.

Na biyu shara-shara ne, mara nauyi. A tsakiyar yadinsa akwai wata siririyar fata mai ƙofofi ƙanana ainun, ɗigon ruwa ba ya iya shiga ta cikinsu, amma tururin jiki yana fita. Bob Gore ne ya gano wannan fata a 1969, ita ce ake kira Gore-Tex, kuma a 1993 kamfanin Simms na Amurka ya fito da wandon ruwa da aka ɗinka da ita. Dattijuwar ta ɗaga shi ta ce, "Wannan ruwa kawai yake tarewa. Ɗumi kuwa kai za ka zo da abinka a ƙarƙashi." Kawu ya gyaɗa kai, domin shi ma irinsa yake sawa, yana ƙara tufa ko ya rage gwargwadon yanayi. Shi na zaɓa.

Sai batun ƙafa. Akwai wando mai haɗe da takalminsa, wanda ya fi ɗumi saboda akwai sarari a ciki, iska na zagaya yatsu. Akwai kuma mai ƙarewa da safar niyofirin, wanda ake sa masa takalmi daban a ɗaure da igiya. Wannan ya fi riƙe idon sawu a kan duwatsu, kuma ƙasan Tay duwatsu ne masu santsi. Ta ba ni takalmi da ya ɗara lambata da ɗaya, ta ce in motsa yatsuna duka. Takalmin da ya matse yana hana jini zagayawa, kuma ƙafar da jini bai isa gare ta ba, ko safa nawa aka jibga mata sai ta daskare. Tafin takalmin ma iri-iri ne. Na danƙararren ulu ya fi kama dutse mai gansakuka, amma dusar ƙanƙara na manne masa a gaɓa, kuma ba ya bushewa da wuri, yana kwasar ƙwayoyin cuta daga kogi zuwa kogi. Dalilin ke nan New Zealand ta hana masu kamun kifi amfani da shi a 2008, jihar Alaska ma ta hana a duk ruwayenta na daɗi a 2012. Na ɗauki na roba mai ƙusoshin ƙarfe.

Ba ta bari na biya ba sai da na gwada wandon a kan tufafi masu kauri. Ta sa na tsuguna, na durƙusa, na ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera. Idan ya ja a gwiwa ko a tsakanin cinyoyi, ɗinkin ne zai fara buɗewa, nan ruwa zai shiga. Idan kuma ya yi burum-burum, yadin zai riƙa gogar juna har ya huje, ruwa mai gudu kuma ya sami abin ja.

Daga Perth muka nufi arewa. Kawu ya ratse ta ƙauyen Caputh don in ga inda Georgina Ballantine ta kama salmon mai nauyin kilo 29 ranar 7 ga Oktoba, 1922, tana cikin kwale-kwale tare da mahaifinta. Sun yi wajen sa'a biyu suna fama da shi, kuma har yau babu wanda ya kama wanda ya fi shi da fatsa a Birtaniya. Muka wuce Dunkeld, inda gadar da Thomas Telford ya gina a 1809 take ɗauke da motoci har gobe, muka bi ta Aberfeldy mai gadar Janar Wade ta 1733, muka kwana a Kenmore, inda kogin ke fita daga tafkin Loch Tay.

Da safe garin ya cika. Masu busa algaitar jaka suna gaba, masu kamun kifi na biye da dogayen sanduna a kafaɗa, har bakin ruwa. Bisa al'adarsu aka kwara giyar wiski a goshin kwale-kwalen farko, aka jefa fatsar farko, aka yi tafi. Ni dai ƙafafun mutane nake kallo. Tsofaffin hannu duk da bel a ɗaure a ƙugu, da sanda a rataye, da rigar ceto a wuya.

Namu kamun washegari ne, a wani yanki na kogin kusa da Dunkeld da Kawu ya biya mana kuɗinsa, domin a can kowane yanki da mai shi, kuma ba a kamun salmon ranar Lahadi. Muka yi alwala tun a masauki, saboda Azahar da La'asar kusa suke da juna a wannan lokaci, kuma tuɓe wannan shiri a gaɓa aiki ne. A Argungu masunci tuɓewa yake yi ya rungumi gora ya faɗa kogin Matan Fada da homarsa. A Tay kuwa sai da na sa tufa hawa uku kafin in taɓa ruwa: ta jikin fata mai tsotse gumi, ta tsakiya mai laushi mai riƙe ɗumi, sannan wandon da rigar ruwan sama a kai. Safa biyu, siririya da ta ulu mai kauri. Kawu ya duba ni sama da ƙasa ya ce, "Kada zaren auduga ko ɗaya ya shiga ciki. Auduga in ta sha gumi ba ta saki, ita za ta sanyaya ka." Ya sa na tsuguna iskar da ke cikin wandon ta fice ta sama, sannan ya ja bel ɗin ya ɗaure tamau.

A bakin kogi muka tarar da gili, wato jagoran da ke kula da yankin, dattijo mai jan fuska wanda ya san kowane dutse a wurin. Ya taɓa bel ɗina, ya duba kwalbar gas ɗin rigar cetona, ya miƙa mini sanda mai nauyi a gindi. Ya ce, "Saurara, yaro. Ka ba ruwa gefenka, kada ka ba shi gaba ko baya. Sanda ta fara tafiya, sai ƙafa ɗaya, sai ɗayar ta biyo. Kada ka harɗe ƙafafu. Yau kada ka wuce cinya." Ya soke wani ɗan kara a daidai bakin ruwan, ya ce mu riƙa waiwayensa. Akwai madatsun lantarki a kan rassan kogin, irin ta Pitlochry a kan Tummel, ga kuma ƙanƙara da ke narkewa a tsaunuka, saboda haka ruwa na iya ƙaruwa ko da sama tas take. In kara ya nutse, a fito.

Takun farko na ji abin da ban taɓa ji ba. Ruwan ya matse wandon a ƙafafuna kamar an naɗe su, sanyin ya zagaye ni, amma ko ɗigo bai taɓa fatata ba. A gwiwa na fara jin kogin yana turo ni, a hankali, ba ya fasawa. Tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafa. A nan na gane hatsarin da ke cikin wando mai kyau: da yake jiki a bushe yake, zuciya sai ta riƙa raya wa mutum ya ƙara taku ɗaya. Ruwan kuwa bai fi digiri 3 ko 4 ba, kuma ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da iska wajen sau 25. Wanda ya faɗa cikinsa, a mintin farko numfashi ke ƙwace masa, ya ja iska da ƙarfi ba da sonsa ba, in kansa na ƙarƙashi ruwa zai shaƙa. Bayan wajen minti goma hannaye su daina riƙe komai. Yawancin waɗanda irin wannan ruwa ke ci, a wannan ɗan tsakanin suke tafiya, tun kafin sanyi ya kai ga cikin jiki.

Da muka fito shan shayi na tambayi gilin ko gaskiya ne wando in ya cika yana jan mutum ƙasa. Ya ce ruwan da ke ciki bai fi na waje nauyi ba, don haka ba ya nutsar da kowa. Abin da yake yi shi ne ya buɗe baki, kogi ya cika shi ya ja mutum, ya hana ƙafa iyo, sannan a wajen fita ya zama kaya mai nauyin da ba a iya miƙewa da shi. Amfanin bel ke nan, yana rage shigar ruwan. Ya ce wanda ya faɗi ya kwanta rigingine, ƙafafu su yi gaba wajen da ruwa ya nufa, ya bari numfashinsa ya dawo, ya yi tuƙi da hannu zuwa inda ba zurfi, ya fita da rarrafe. Kada ya yi ƙoƙarin tsayawa a tsakiyar gudu, don ƙafa na iya maƙalewa a tsakanin duwatsu.

Muka koma. Sandar fatsar ta haura mita huɗu, da hannu biyu ake wurga ta. A jefa, a bar igiya ta zagayo, a yi taku ɗaya ƙasa, a sake jefawa. Duk lokacin da yatsun ƙafa suka fara mutuwa, gilin ya fito da mu mu taka a gaɓa har jini ya dawo. Bayan La'asar sandar Kawu ta lanƙwashe. Kifin da ya zo siriri ne, irin wanda ya gama zuba ƙwai yana kan hanyar komawa teku. Kawu ya durƙusa a ruwa, ya zare ƙugiyar ba tare da ya ɗaga shi sama ba, ya riƙe shi yana fuskantar gudun ruwa har ya murmure ya tafi. Doka ta hana riƙe irinsa, kuma a Sikotlan duk salmon da aka kama kafin 1 ga Afrilu sai an mayar. Kifin yana raguwa sosai, har a 2023 aka sa na Birtaniya cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Saboda haka ne gilin bai sallame mu ba sai da ya ga mun wanke takalma, ya kuma ja kunnenmu mu juya wandunan mu shanya su bushe ƙayau kafin su shiga wani kogi. Akwai wata ƙwayar cuta, Gyrodactylus salaris, da ta halaka salmon a koguna da dama na Norway, har hukuma ta riƙa zuba guba a kogi sukutum don kawar da ita. Ba ta shigo Birtaniya ba, kuma jiƙaƙƙen kayan kamun kifi na cikin hanyoyin da ake tsoron za ta biyo.

'Yan'uwanmu da yawa yanzu suna karatu ko aiki a ƙasashen sanyi, kuma wata rana abokin aiki zai gayyaci ɗayansu kogi, ya ce ga tsohon wando nan a aro. Ina roƙon wanda aka gayyata ya je, domin kogin hunturu abin gani ne. Amma ya gwada wandon a kan tufafin da zai sa, ya bar auduga a gida, ya ƙi shiga in babu bel da sanda da rigar ceto, ya kuma tsaya inda mai kogin ya ce ya tsaya. Rai amana ne, kuma a gida akwai masu jiran ya dawo.