Bel Ɗin da Ba Ya Kuka

Mu Hausawa da kunne muke duba lafiyar mota. Fanbel idan ya saki sai ya yi ta ƙara, salansa idan ta fashe duk unguwa ta sani. Amma akwai wani bel mai haƙora da ke ɓoye cikin murfi a gaban inji, wanda makanikai ke kira bel ɗin tayimin. Shi wannan sau da yawa ba ya kuka, sai dai a ji ya tsinke.

Dalilin da ya sa na damu da shi kuwa shi ne, Hilux mai shan man gas da yayana ke dakon masara da ita daga Giwa zuwa Sabon Gari, ita ce ke biyan kuɗin karatuna a nan Samaru.

Aikin bel ɗin shi ne daidaita karanshaf da kamshaf, watau na farko ya juya sau 2, na biyu sau 1, domin bawul ya buɗe ya rufe a kan kari. A irin injinmu har famfon mai shi ke ja. To, injin gas matsinsa ya fi na fetur nesa, saboda haka ratar da ke tsakanin fistan da bawul 'yar kaɗan ce. Da zarar bel ya tsinke sai fistan ya doki bawul ya lanƙwasa shi, wani lokaci har kan silinda ya tsage. Abin da roba ɗaya za ta raba, sai ya zama sauke inji.

Kamfanin Toyota ya sa wata fitila da ke kamawa a kilomita 100,000 ko 150,000, gwargwadon injin. Sai dai motocin Beljiyam da muke saye, wa zai rantse a kan lissafin tafiyarsu? Ga zafin bazara, ga baƙin mai da ke yoyo yana cin robar. A ganina ran da aka sayi mota, ran nan ya kamata a canza shi, tare da boris ɗin da ke ɗaure shi.

Inda na fi jin tsoro shi ne kanti. Wani mai kayan gyara a Sabon Gari ya ajiye mana kwali biyu, tambari iri ɗaya, kuɗi daban, ya ce, "Alhaji, zaɓi ya rage naka." Yayana ya ɗauki mai tsadar, ko da yake tsada ma ba shaida ba ce.

Makanikinmu na Kwangila ya saita alamomi, gama kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya kawo hayaƙi da wuyar tashi. Sa'an nan ya juya injin da hannu sau 2, ya rubuta kilomita da ranar a jikin murfi da farin fenti, kana ya ce a murza makulli.